Zaɓen Kayan Washin Sarƙar Injin Yankan Itace

Sarƙar injin yankan itace ba ta aiki irin na zarton kafinta. Zarto kankarar katako yake yi yana zubar da gari, ita kuwa sarƙa sassaƙa take yi. Kowane haƙori da ke jikinta tamkar ɗan ƙaramin gizago ne: ya shiga cikin itace, ya ɓallo sassaƙe, ya fice, na bayansa ya biyo, kuma a babban inji gudun sarƙar yakan kai mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ake gane lafiyarta daga abin da take zubarwa. Muddin sassaƙe na fita manya-manya, akwai kaifi. Da zarar ya koma gari mai laushi, ko mai aiki ya fara danna inji da ƙarfinsa kafin ya ci, ko hayaƙi ya riƙa tashi daga bakin yanka alhali akwai mai a jikin sarƙa, to haƙora sun dakushe. Dakusasshiyar sarƙa tana shan fetur, tana cinye dogon ƙarfen nan mai kama da takobi da take zagayawa a kansa, tana kuma gajiyar da mutum. Ƙwararru da yawa ba sa jiran a kai nan. Duk lokacin da suka tsaya zuba fetur sukan bi haƙoran da washi kaɗan.

Siffar haƙorin da aka sani a yau ba da ita aka fara ba. Injunan farko, irin na lantarki da Andreas Stihl ya ƙera a Jamus a 1926 da na fetur da Emil Lerp ya fito da shi a 1927, sarƙoƙinsu sun kwaikwayi haƙoran babban zarton hannu ne, kuma washinsu sai gwani. A 1947 wani mai sarar itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya fara ƙera sarƙa mai lanƙwasassun haƙora, ɗaya na kallon dama ɗaya na kallon hagu, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke huda itace da muƙamuƙanta masu lanƙwasa. Kamfanin da ya kafa shi ne ake sani da Oregon. Abin da wannan ƙira ta haifar a fagen washi shi ne sauƙi: magagari mulmulalle guda ɗaya, idan ya zauna daidai a cikin lanƙwasar haƙori, yana wasa samansa da gefensa a tura ɗaya. Duk kayan washin da suka biyo baya, daga na ɗan kuɗi zuwa injin da ake kafawa a shago, ƙoƙari ne na zaunar da wannan magagari, ko dutsen da ya maye gurbinsa, a wuri ɗaya kuma a kusurwa ɗaya a kan kowane haƙori.

Haƙori yana da sassa uku da washi ya shafa. Akwai rufinsa, wanda bakinsa ke feƙe ƙasan yanka. Akwai gefensa, mai tsinke jijiyoyin itace daga bango. Inda suka haɗu akwai tsini, kuma shi ne ke fara taɓa itace, shi ne kuma ke fara mutuwa. Bayan rufin da na gefen an lulluɓe su da siririn kurom mai tauri, saboda haka daga ciki kaɗai ake wasa haƙori, a ci ƙarfe mai laushi har bakin kurom ya fito da kaifi. A gaban kowane haƙori kuma akwai wani ɗan tozo marar kaifi wanda aikinsa ƙayyade zurfin cizo. Wannan tozo shi ne abin da aka fi mantawa da shi wajen sayen kayan washi, kuma za a dawo kansa.

Tambayar farko ba ta kuɗi ba ce, ta lambar sarƙa ce. Girman sarƙa ana auna shi ne da tazarar ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta: a auna daga ƙusa ta ɗaya zuwa ta uku, a raba biyu. Sakamakon da inci ake faɗarsa, kuma waɗanda suka fi yawa a kasuwa su ne 1/4, da 0.325, da 3/8 mai gajeren haƙori na ƙananan injuna, da 3/8 cikakke, da 0.404 na manyan injuna. Yawanci an buga wannan lamba a gindin takobi. Idan ta goge, jikin sarƙar ma yana faɗa. Kamfanin Stihl na buga lamba guda a jikin tozo: 1 na nufin 1/4, 2 na nufin 0.325, 3 na nufin 3/8, 4 na nufin 0.404, 6 kuma 3/8 mai gajeren haƙori. Oregon kuwa a ƙafar sarƙa, wato ɓangaren da ke gudu cikin kwararon takobi, yake buga tasa: 91 ƙaramar 3/8 ce, 20 da 21 da 22 duk 0.325 ne, 72 da 73 da 75 kuma cikakkiyar 3/8. Akwai wani awon na kaurin ƙafa, daga milimita 1.1 zuwa 1.6, amma shi ya fi shafar dacewar sarƙa da takobi.

Daga wannan lamba ake sanin kaurin magagari, wanda makanikai da yawa ke kira fayil. Sarƙar 1/4 da ƙaramar 3/8 magagari mai milimita 4.0 suke so. Ta 0.325 tana son mai 4.8. Cikakkiyar 3/8 tana son mai 5.2 idan ta Stihl ce, mai 5.5 idan ta Oregon ce, ta 0.404 kuma mai 5.5. Akwai 'yan sarƙoƙin da suka fita daga wannan tsari, don haka abin da aka rubuta a kwalin sarƙa shi ne magana ta ƙarshe. Bambancin rabin milimita yana iya zama kamar ba komai, amma a bakin haƙori babba ne. Ƙa'ida ita ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurin magagari ya leƙo sama da rufin haƙori. Idan magagarin ya yi siriri, ko an danna shi ƙasa da yawa, sai ya ƙwaƙule cikin haƙori ya bar masa baki kamar ƙugiya. Irin wannan haƙori yana cizo da zafi a minti na farko, yana fizgar inji, sannan siririn bakin ya karye. Idan kuma magagarin ya yi kauri, ko ya hau sama, bakin yakan kwanta baya, haƙori ya riƙa sulɓewa a kan itace duk da yana walƙiya kamar sabo. Idan haƙori ya tsufa ya rage kamar sulusi, tsayinsa ma ya ragu, masu lura sukan sauka zuwa magagarin da ke ƙasa da na da kaɗan, misali daga 5.5 zuwa 5.2, don kada a ci gaɓar da ke riƙe da haƙorin.

Magagarin sarƙa daban yake da mulmulallen magagarin da ake samu a akwatin makaniki, wanda ke sirancewa zuwa ƙarshe kamar wutsiyar ɓera. Na sarƙa kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma ƙaiƙayinsa ya fi laushi. Sunayen da suka yi fice wajen ƙera shi sun haɗa da Pferd na Jamus da Vallorbe na Suwizalan, ban da waɗanda Stihl da Husqvarna da Oregon ke sayarwa da sunansu. Magagari abin ƙarewa ne, kamar sabulu. Mai kyau yana kama ƙarfe da ɗan turawa, ana jin cinsa a hannu, ana ganin garin ƙarfe na zuba; wanda ya mutu kuwa goga kawai yake yi, mai washi ya ƙara ƙarfi, hannu ya karkace, kusurwa ta lalace. Don haka ƙwararru da dozin suke saye. Zuba magagarai tsirara cikin jaka ɗaya su riƙa gugar juna yana kashe su kafin su yi aiki, haka ma jan su baya a kan haƙori, domin a tura kaɗai suke ci. Kuma magagari ba ya cika sai da ƙota, saboda tsinin gindinsa ya sha huda tafin hannu.

Bayan kauri sai kusurwa. Bakin rufin haƙori ba a miƙe yake ba, a karkace yake, tsakanin digiri 25 zuwa 35, kuma 30 ce ta fi yawa. Sarƙoƙi da dama suna da ɗan zane a ƙarshen rufin haƙori mai nuna wannan karkata. Yawancin sarƙoƙi ana riƙe musu magagari a kwance daidai, wasu na Oregon kuma ana sauke ƙotar da digiri 10. Wanda ya shekara goma yana washi zai iya riƙe duk wannan da ido da hannu, da magagari tsirara, kuma babu abin da ya fi wannan sauri ko sauƙin ɗauka cikin daji. Matsalar ita ce kowane mutum yana da hannun da ya fi masa ƙarfi. Haƙoran ɓangare ɗaya sukan sha washi fiye da na ɗayan, su gajarce, kusurwarsu ta bambanta, sai inji ya fara yanka a karkace kamar jirgin da ake tuƙawa ta gefe ɗaya. Mai inji yakan zargi takobi, ya juya shi, ya sayi sabo, alhali laifin na hannu ne.

Maganin wannan shi ne mariƙi. Mafi sauƙinsa wani fallen ƙarfe ne da ake ɗaura magagari a ƙarƙashinsa. Yana kwanciya a kan rufin haƙori da tozo, ya hana magagari nutsewa, kuma an zana masa layukan digiri 25 da 30 da 35 don a daidaita su da takobi. Ba shi da tsada, ba ya lalacewa, aibinsa kawai yana rufe haƙori, mai washi ba ya ganin abin da yake yi sai ya ɗaga. Husqvarna na da wani iri da ake ɗora wa a kan sarƙar kanta, mai ƙananan gare-gare biyu da magagari ke gudu a kansu. Shi ya bar haƙori a buɗe, amma an ƙera kowanne ne don wasu sarƙoƙi ƙayyadaddu, ba lallai ya zauna a kan ta wani kamfani ba ko da lambarsu ɗaya. Duka biyun tsayin magagari suke kamawa sosai, kusurwa kuwa nuni kawai suke yi, sauran aikin na ido ne. Ga mai koyo wannan ya isa, har ma ya fi alheri, domin hannu yana sabawa da daidai tun daga farko.

Batun tozo shi ne inda washi da yawa ke tashi a banza. Rufin haƙori a gangare yake, ya fi tsawo a gaba. Duk lokacin da aka wasa shi, bakin yana ja baya, yana kuma yin ƙasa, shi kuwa tozo yana nan inda yake. A sabuwar sarƙa tozo yana ƙasa da bakin haƙori da kusan milimita 0.65, a ta 0.404 kuma kusan 0.8, kuma wannan ɗan rata shi ne kaurin sassaƙen da haƙori zai ɗebo. Bayan washi uku ko huɗu ratar ta ragu. Bayan washi da yawa, tozo ya kusa kai tsayin haƙori, sai a ga sarƙa mai kaifin aska tana zubar da gari. Mai inji ya sake wasawa, abin ya ƙara muni, ya ce sarƙar jabu ce.

Kayan gyaran tozo biyu ne, kuma dukansu ba su da tsada: shimfiɗaɗɗen magagari marar ƙaiƙayi a gefe, da ma'aunin tozo. Ma'aunin wani ɗan ƙarfe ne mai tsaga. A ɗora shi a kan sarƙa, abin da ya leƙo na tozo ta tsagar shi ne za a goge. Iri biyu ne. Akwai mai kwanciya a kan haƙora biyu ko fiye, wanda ke ba da rata ɗaya ko yaushe, kuma yana buƙatar haƙoran su zama tsayi ɗaya. Akwai kuma mai jingina a kan haƙori guda ya gangara zuwa sarƙa, wanda ke ƙara ratar kaɗan-kaɗan yayin da haƙori ke gajarcewa, ya kuma daidaita kowane tozo da nasa haƙorin. Na biyun ya fi dacewa da tsohuwar sarƙa, kuma irin na Husqvarna yana da tsaga biyu, ɗaya ta itace mai tauri, ɗaya ta mai laushi. Bayan an rage tozo ana ɗan mulmula goshinsa ya koma siffarsa ta asali, don kada ya riƙa tuntuɓe.

Rage tozo da ido, ba ma'auni, caca ce. Wanda ya zarce zai sami sarƙa mai cizon abin da inji ba zai iya taunawa ba: girgiza ta ƙaru, inji ya riƙa shaƙewa, gaɓoɓin sarƙa su sha wahala, kuma mafi muni, harbin inji ya ƙaru, wato zaburar da takobi ke yi sama zuwa fuskar mai aiki idan hancinsa ya taɓa wani abu. Tozon da aka rage ba ya dawowa. Idan kuɗin mutum na abu ɗaya ne bayan magagari, ma'aunin tozo ya fi cancanta da su fiye da kowane mariƙi.

Wannan mantuwa ce ta sa aka ƙera mariƙi mai aiki biyu, wanda Stihl ke sayarwa, Pferd ma ke da irinsa mai suna Chain Sharp CS-X. A cikinsa akwai mulmulallun magagarai biyu da shimfiɗaɗɗe ɗaya, a tura ɗaya ana wasa haƙori ana rage tozo, idan an gama ɓangare ɗaya a kifa shi a koma ɗayan. Ga mai inji guda da sarƙa iri guda, da wuya a sami abin da ya fi shi ba da sakamako mai kyau ba tare da dogon koyo ba. Sai dai kowanne na lamba ɗaya ne, mai injuna uku masu sarƙa daban-daban sai ya sayi uku. Ba ya zama daidai a kan sarƙa mai haƙora jefi-jefi da ake sa wa dogon takobi. Kuma magagaran cikinsa idan sun mutu, ba a kowace kasuwa ake samun shimfiɗaɗɗen ba.

Akwai kuma na'urorin da ake ɗaurewa a jikin takobi. Tsohuwar cikinsu ita ce File-N-Joint ta kamfanin Granberg na Amurka, wadda ke riƙe magagari a kan sanda mai zamewa, a saita kusurwa da tsayi da iyakar abin da za a ci, kowane haƙori ya fito daidai da ɗan'uwansa. Timberline kuma ba magagari take amfani da shi ba, wani ɗan ƙarfen kabaid ne da ake juyawa da hannu kamar fiƙe fensir. Suna da daidaito, suna da cin lokaci wajen saiti, kuma sun fi amfani da yamma a gida don gyara sarƙar da hannu ya karkatar, ba a tsakiyar aiki ba.

Daga nan sai masu wuta. Ƙaramin cikinsu ɗan inji ne na hannu mai juya siririn dutse, wanda ake jona wa batirin mota mai bolt 12, akwai ma kan da ake ɗaura wa ƙaramin injin hannu na Dremel don wannan aiki. Yana da sauri, ba a cire sarƙa, kuma yana taimako idan sarƙa ta daki dutse ana buƙatar cin ƙarfe da yawa. Rauninsa a dutsen yake: yana sirancewa da aiki, wanda ya fara da milimita 5.5 kafin a gama sarƙa biyu ko uku ya zama wani abu dabam, ƙugiya ta fara fitowa ba a sani ba. Kusurwa ma har yanzu a hannun mutum take.

Injin washi na kan teburi shi ne na masu sana'a. Ana cire sarƙa a kwantar da ita cikin mamatsinsa, a juya mamatsin zuwa digiri 25 ko 30, a kwantar da kan injin zuwa wajen digiri 60, a saita tokarin da ke tsayar da kowane haƙori a wuri ɗaya, sannan a riƙa sauko da faifan dutse. Oregon da Tecomec na Italiya da Stihl duk suna sayar da shi. Shi kaɗai ne ke iya mayar da sarƙar da ta ci ƙusa ko tsakuwa daidai cikin ɗan lokaci, duk haƙora tsayi ɗaya. Faifan ma yana da lamba: mai kaurin kusan milimita 3.2 na ƙananan sarƙoƙi, mai kusan 4.7 na manya, kuma bakinsa sai an riƙa gyara shi da ɗan dutsen da ake haɗowa da shi ya ci gaba da zama a mulmule. Masu araha na roba suna lanƙwasawa a hannu, daidaiton da aka saye su dominsa ya tafi.

Babban haɗarin wannan inji zafi ne. Bakin haƙori siriri ne, idan aka danna faifai aka riƙe, nan take yake yin shuɗi. Ƙarfen da ya yi shuɗi ya canza hali: yakan yi gautsi, kaifinsa ba ya daɗewa, kuma sau da yawa magagari ba ya sake kama shi, sai ya riƙa sulɓewa. Shi ya sa ake taɓawa a ɗaga, a taɓa a ɗaga, kuma a wanke sarƙa daga mai kafin a fara, don mai yana toshe faifai ya ƙara zafi. Faifan da ake kira CBN ya fi na dutse tsada nesa ba kusa ba, amma ba ya canza siffa kuma ba ya zafi sosai. Ko da a hannun gwani, inji ya fi magagari cin ƙarfe, sarƙar da ba ta san komai ba sai inji takan riga 'yar'uwarta ƙarewa. Shi kuwa injin gugar ƙarfe na masu walda, wanda wasu ke kai wa sarƙa don ganin yana kusa, ba shi da wurin zama a wannan aiki ko kaɗan: ba ya riƙe kusurwa, kuma yana ƙona haƙori kafin a ƙifta ido.

Irin haƙori ma yana da ta cewa. Mai tsini a murabba'i ya fi sauri a itace mai tsabta, amma ƙasa kaɗan ke kashe tsininsa, kuma kuskuren washi yana bayyana a kansa nan da nan. Mai tsini a lanƙwashe ya ɗan fi jinkiri, ya fi jure datti, ya fi yafe wa hannun mai koyo. Dukansu mulmulallen magagari ke wasa su. A dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka masu sarar manyan itatuwa suna da wani washi na daban, inda cikin haƙorin ma a murabba'i yake, da magagari mai fuska shida ko inji na musamman. Wannan fanni ne na ƙwararru. Sarƙa mai bakin kabaid, irin Rapid Duro ta Stihl, tana daɗewa ba ta dakushe ba ko a itace mai ƙasa, amma magagari ba ya cin ta sam, sai faifan daimon. Wanda ya saye ta a inda babu mai wannan faifai ya sayi sarƙar amfani sau ɗaya.

Tsaga gungume a tsawonsa don fitar da katako wani aiki ne dabam da yanke shi a gicciye, kuma sarƙarsa kusan digiri 10 ake wasa ta, don fuskar katako ta fito sumul. Wannan ya shafi Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kai tsaye, inda a Najeriya da Ghana da Kamaru ake fitar da katako mai yawa a cikin daji da babban injin Stihl 070 mai sarƙar 0.404. Ghana ta haramta yin haka don sayarwa tun 1998, amma aikin bai tsaya ba. Mai irin wannan aiki magagari mai 5.5 ne abokinsa, kuma ya kamata ya duba ko mariƙin da zai saya yana da layin digiri 10, domin da yawa ba su da shi. Wasu masu tsaga sukan goge tozo gaba ɗaya don neman sauri, abin da ke ninka haɗarin harbi.

Wurin aiki yana canza lissafi fiye da yadda kwalin kaya ke nunawa. Yawancin waɗannan kaya an tsara su ne da itatuwan Turai da Amurka a zuciya. Itacen da ƙurar hunturu ta cika ɓawonsa, ko gara ta yi masa yaɓen ƙasa, ko busasshiyar ƙirya da marke, suna cin kaifi da sauri ƙwarai. Itacen tik yana da sinadarin yashi a cikin jikinsa, iroko kuma wani lokaci yana ɓoye dunƙulen farar ƙasa mai taurin dutse. A irin wannan yanayi ana iya washi sau da yawa a yini, nesa da wutar lantarki, don haka abin da ke shiga aljihu ya fi abin da ke buƙatar soket: magagarai masu yawa, mariƙi, ma'aunin tozo, da sarƙa mai lanƙwasasshen tsini. Sassaƙe ɓawo da gatari a inda za a yanka yana ceton kaifi fiye da kowace na'ura. Injin teburi yana biyan kuɗinsa ne a wurin mai shago da ake kawo wa sarƙoƙi, ko mai injuna da yawa da zai riƙa sauya sarƙa a daji ya tara dakusassun zuwa dare. Mai yankan itacen girki lokaci-lokaci kuwa, mariƙi mai aiki biyu ya ishe shi, idan sarƙa ta daki dutse ya kai wa mai injin teburi.

Sauran ƙananan kaya ba sa ɗaukar ido, amma washi ba ya kyau sai da su. Takobin da ke rawa ba ya barin kusurwa ta tsaya, shi ya sa akwai ɗan mamatsi mai ƙafafu biyu masu tsini da ake kafawa a kututture da guduma a damƙe takobi. Ana ɗan ƙara ɗaure sarƙa kafin a fara don kada haƙori ya riƙa kwanciya. Alli ko alƙalamin maka yana nuna haƙorin da aka fara da shi, kuma da mafi gajarta ake farawa, a daidaita sauran da shi. Safar hannu wajibi ce wajen jan sarƙa gaba, tabarau kuma wajen duk wani washi na wuta. Ɗan buroshin waya yana kakkaɓe garin ƙarfe daga magagari.

Akwai ranar da babu kayan da zai yi amfani. Zanen nan na ƙarshen rufin haƙori, ban da nuna kusurwa, shi ne iyakar washi. Idan an kai gare shi, ko tsawon rufin ya koma kusan milimita 4, haƙori na iya ɓallewa a cikin yanka. Haka idan an ga tsaga a gaɓa, ko ƙusoshi sun yi sako-sako, ko ƙasan gaɓoɓi ya cinye har kusa da ƙusa, an ajiye sarƙar ke nan. Kafin a ɗora sabuwa ana duba haƙoran garen da ke jan ta, domin cinyayyen gare yana lalata ƙafafun sabuwar sarƙa cikin 'yan kwanaki, kuma abin da aka saba shi ne a canza shi bayan an ƙarar da sarƙa biyu.